Sikeli Ba Ya Auna Numfashi

A cikin cututtukan da ƙiba ke haifarwa akwai wadda mai ɗauke da ita ne yake zama na ƙarshen sani. Matarsa ta sani, 'ya'yansa sun sani, abokin tafiyar da suka taɓa kwana ɗaki guda ma ya sani. Shi kuwa iyakar saninsa, yana kwanciya da wuri ya tashi da gajiya, kansa na sarawa da asuba, gyangyaɗi na kama shi a taron ofis, a wurin huɗuba, wani lokaci har a bayan sitiyari. Likitoci na kiranta toshewar numfashi a cikin barci. A gidaje da dama sunanta minshari kawai, kuma ana yi masa kallon barcin wanda ya ci ya ƙoshi.

Tun da tiyatar rage ƙiba ta zama abin da ma'aikaci mai hali ko ɗan kasuwa zai iya tara kuɗi ya je a yi masa a Alƙahira, Istanbul ko Delhi, ko a wasu asibitocin kuɗi na Legas da Abuja, wannan cuta ta shiga jerin abubuwan da ake alkawarin za su tafi tare da teɓa. Alkawarin yana da tushe. Tiyatar na rage nauyi fiye da duk hanyoyin da aka daɗe ana gwadawa, kuma tana sassauta toshewar numfashi ƙwarai ga mafi yawan waɗanda aka yi wa. Sai dai sassauci daban, warkewa daban, kuma a tsakanin biyun nan ne mutane ke cutuwa. Wanda aka yi wa aiki zai ga kilo talatin sun zube, ya ji iyalinsa sun ce minshari ya ragu, sai ya naɗe na'urar numfashinsa ya tura ƙarƙashin gado, alhali maƙogwaronsa bai daina rufewa ba. Matsayin da hujjoji suka fi ƙarfafawa shi ne, tiyatar magani ce ta gaske da bai kamata a ji kunyarta ba, amma babu wanda ya isa ya ce ta warkar da numfashin mutum sai an sake auna barcinsa.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro

Hanyar da iska ke bi daga hanci zuwa huhu tana da wani sashe a bayan harshe da ganda wanda babu ƙashi ko guringuntsi a jikinsa. Tsoka ce kawai ke riƙe shi a buɗe. Idan mutum na farke, tsokar a ɗame take. Da barci ya yi nauyi sai ta saki, hanyar ta tsuke. Iskar da ke kutsawa ta wannan matsatsi tana kaɗa nama, ƙarar kaɗawar ita ce minshari. Idan hanyar ta rufe gaba ɗaya, ƙirji zai yi ta fafutukar jawo iska ba ta shiga, oksijin da ke cikin jini ya yi ƙasa, har sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da jiki ya farka na 'yan daƙiƙoƙi. Tsoka ta ɗame, mutum ya ja numfashi da gurnani, ya koma barci ba tare da ya san ya farka ba.

A ɗakin gwajin barci ana ƙirga duk ɗaukewar numfashi, ko raguwarsa sosai, da ta kai daƙiƙa 10, sannan a raba da awannin barci. Ƙasa da sau 5 a awa lafiya ce. Daga 5 zuwa 15 cuta ce mai sauƙi, daga 15 zuwa 30 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Mai sau 30 a awa, idan ya yi barcin awa 7, an shaƙe shi sau 210 ke nan kafin gari ya waye. Kowace shaƙa na zuwa da saurin bugun zuciya da tashin jini. Shi ya sa cutar ke tafiya tare da hawan jinin da ke ƙin jin magani, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da wahalar shawo kan ciwon suga. Direban da ke da ita ba tare da magani ba, yiwuwar ya yi hatsari ta haura ninki biyu ta sauran direbobi.

Ƙiba na ƙara matse wannan hanya ta fuska uku. Kitse na taruwa a wuya da gefen maƙogwaro yana danna hanyar daga waje. Yana kuma taruwa a cikin harshe kansa. Wani bincike da Richard Schwab da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Pennsylvania, wanda ya fito a 2020, ya yi amfani da hoton cikin jiki ya nuna cewa raguwar kitsen harshe ita ce babbar gadar da ke haɗa rage nauyi da samun sauƙin numfashi. Ta uku ita ce teɓa: idan mutum ya kwanta rigingine, kitsen ciki na tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama, huhu ya takure, jan da yake yi wa maƙogwaro ya sassauta, hanyar ta zama mai saurin nannaɗewa. Masu bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka, waɗanda suka bi mutum 690 na tsawon shekaru, sun ruwaito a 2000 cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na nauyi na zuwa da ƙarin kusan kashi 32 na yawan ɗaukewar numfashi, raguwar kashi 10 kuma na zuwa da raguwar kusan kashi 26.

Cutar ba ta Turawa kaɗai ba ce. Wani ƙiyasi da ya fito a mujallar Lancet ta cututtukan numfashi a 2019 ya ce manya kusan miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da ita a duniya, miliyan 425 daga cikinsu a matakin matsakaici ko mai tsanani, kuma ya sa Najeriya cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita.

Akwai kuma abin da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Ƙiba ce babbar musababbiya, amma ba ita kaɗai ba ce. Ƙaramin muƙamuƙi ko haɓar da ta ja baya, babban harshe na halitta, manyan ƙululun maƙogwaro, toshewar hanci, tsufa, ɗaukewar al'ada ga mata, da yadda ƙwaƙwalwar mutum ke sarrafa numfashinsa cikin barci, duk suna da nasu kaso. Akwai sirara masu wannan cuta. Wuƙar da ta taɓa tumbi ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na'urar da ke aiki idan an sa ta

Tun 1981, lokacin da Colin Sullivan na Jami'ar Sidni a Ostareliya ya bayyana dabararsa, maganin farko na wannan cuta shi ne na'urar da aka fi sani da CPAP. Ƙaramin inji ne da ke hura iska ta bututu zuwa takunkumin da ke kan hanci, matsin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe kamar yadda iska ke riƙe tayar mota. A daren da aka sa ta daidai, tana iya saukar da ƙidaya daga 60 zuwa ƙasa da 5. Babu yanka, babu zubar jini.

Matsalarta ita ce ba ta warkarwa, aron numfashi take bayarwa dare bayan dare, kuma mutane da yawa ba sa jure ta. Wani babban gwaji mai suna SAVE, wanda ya ƙunshi mutum 2,717 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini, ya fito a 2016 da sakamakon da ya sanyaya jikin likitoci: na'urar ta rage gyangyaɗi ta gyara rayuwa, amma ba ta rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba. Majinyatan suna sa ta ne kimanin awa 3.3 kacal a dare. Sauran daren, musamman goshin asuba lokacin da shaƙar ta fi tsanani, suna nan yadda suke.

Ga wanda ke zaune a Kano, Sakkwato ko Damagaram, akwai ƙarin shinge. Na'urar na buƙatar wuta tun daga kwanciya har tashi, abin da ke nufin batir ko sola ga mafi yawan gidaje. Takunkumi da bututu na lalacewa, a nemo wasu daga nesa. Ƙurar hunturu na toshe matata. Wanda ya yi shekaru yana wannan fama, idan aka ce masa akwai aikin awa biyu da zai raba shi da na'ura har abada, ba abin mamaki ba ne ya miƙa wuya. Wannan buri ne ke sa a yi saurin gaskata abin da ba a auna ba.

Abin da wuƙa ke yi

Tiyata biyu ne suka mamaye fagen a yau, kuma duka ana yin su ta 'yan ƙananan huda a ciki tare da kyamara. Ta farko ana kiranta ta hannun riga: a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, wato jakar da abinci ke sauka, a cire, a bar siririn bututu mai siffar ayaba. Ta biyu ita ce baifas, wadda Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa a shekarun 1960. Ana keɓe wata 'yar jaka a saman tumbi a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya kewaye sauran tumbin da farkon hanji kamar yadda titin baifas ke kewaye gari. Akwai ta uku, ta ɗaura zobe a wuyan tumbi, wadda ta yi tashe a da amma yanzu an rage yin ta sosai.

Aikinsu ya wuce rage wurin zuba abinci. Sashen tumbin da ake cirewa shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin da ke tada yunwa, kuma sauya hanyar abinci na ƙara sinadaran hanji masu sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Wannan ne ya bambanta tiyata da ƙaurace wa abinci. Mai ƙaurace wa abinci yana kokawa da jikin da ke ƙoƙarin mayar da shi inda ya fito, tiyata kuwa tana sauya saƙon da jikin ke aikawa. Masu cewa tiyata hanyar ragwaye ce ba su fahimci wannan ba.

Ana tantance wanda ya cancanta da ma'aunin BMI, wato a raba nauyi a kilo da tsawo a mita, a sake rabawa da tsawon. Mai kilo 110 da tsawon mita 1.70 yana da 38. Ƙa'idar 1991 ta hukumomin lafiyar Amurka ta ce 40, ko 35 idan akwai wata cuta kamar toshewar numfashi. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ita zuwa 35 ko da babu wata cuta, da 30 ga masu cuta irin ta suga.

Lambobi biyu masu karo da juna

Lambar da ta fi yawo a tallace-tallacen asibitoci ta samo asali ne daga nazarin Henry Buchwald da abokansa na 2004, wanda ya tattaro bincike 136 da majinyata fiye da 22,000. Ya ce toshewar numfashi ta kau ga kashi 85.7 cikin 100. Lamba ce mai daɗin ji, amma da yawa daga cikin binciken da aka tattaro sun dogara ne da abin da majinyaci ya faɗa, ko da cewa ya daina sa na'ura. Ba kowa aka mayar ɗakin gwaji ba.

Da aka koma ga waɗanda aka auna kafin aiki da bayansa, hoton ya sauya. Wani nazari na 2009 ya tattaro bincike 12 masu majinyata 342. BMI ɗinsu ya sauko daga kusan 55 zuwa kusan 38, ƙidayar ɗaukewar numfashi kuma daga kusan 55 a awa zuwa kusan 16. Wannan nasara ce babba: wanda ake shaƙewa sau 385 a dare ya koma sau 112. Amma 16 har yanzu cuta ce matsakaiciya wadda likita zai rubuta wa magani. A wani ƙaramin bincike na 2008 da aka yi a asibitin soja na Walter Reed da ke Amurka, an sake auna mutum 24 shekara guda bayan tiyata, aka tarar ɗaya ne kacal ya warke sarai, kuma ƙalilan ne daga cikin sauran ke ci gaba da sa na'ura.

Gwajin da ya fi girgiza masana shi ne na John Dixon da abokansa a Melbon ta Ostareliya, wanda ya fito a 2012. An raba mutum 60 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka yi musu tiyatar zobe, rabi aka sa su a tsarin abinci da motsa jiki. Bayan shekara 2, 'yan tiyata sun zubar da kilo 27.8, sauran kilo 5.1. Ƙidayar numfashi ta ragu da 25.5 a awa ga 'yan tiyata, da 14 ga sauran, tazarar da ba ta kai matsayin da masana ƙididdiga za su kore dace a cikinta ba. Masu suka suna da gaskiya idan suka ce mutanen kaɗan ne, kuma zobe ya fi sauran tiyata rauni. Amma darasin ya tsaya: an ninka zubar nauyi fiye da sau biyar, sauƙin numfashi bai ko ninka sau biyu ba. Kilon farko-farko ne ke kawo mafi yawan sauƙin, daga nan kowane jiki ya bi tasa hanyar, kuma ba a iya duban sikeli a faɗi inda maƙogwaron mutum ya tsaya.

Abin da ke ruɗin majinyaci shi ne yana jin sauƙi na haƙiƙa. Gwiwa ta daina ciwo, hawa bene ya zo da sauƙi, suga ya daidaita, minsharin da ke hana gida barci ya koma ƙasa-ƙasa. Amma ƙarar minshari da yawan gyangyaɗi ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙidayar shaƙa. Mutum na iya yin barci shiru alhali oksijin ɗinsa na faɗuwa sau ashirin a awa.

Sannan akwai lokaci. A babban binciken Suwidin da aka fara a 1987, waɗanda aka yi wa baifas sun zubar da kusan kashi 32 na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, amma a shekara ta 10 ragin ya tsaya a kusan kashi 25. Wani nauyin na dawowa, shekaru na ƙaruwa, tsokar maƙogwaro na ƙara saki. Wanda ya warke a shekara ta biyu yana iya komawa ruwa a ta takwas.

Me ya sa duk da haka tiyata ta cancanci kujera

Wanda ya karanta abin da ya gabata zai iya cewa to a bar tiyata mana. Wannan ma kuskure ne, kuma mai tsada. Mai BMI 42 da toshewar numfashi ba cuta ɗaya yake ɗauke da ita ba. Sau da yawa akwai suga, hawan jini, kitsen hanta da ciwon gaɓoɓi, dukansu daga saiwa guda. Na'ura na gyara dare ne kawai, tiyata kuwa saiwar take sara.

Binciken Suwidin ɗin nan, wanda ya kwatanta mutum 2,010 da aka yi wa tiyata da 2,037 da ba a yi wa ba, ya ruwaito a 2007 cewa mace-mace sun ragu da kusan kashi 29 ga 'yan tiyata, sannan a 2020 ya ƙiyasta musu ƙarin kusan shekara 3 na rayuwa. A 2024 Ali Aminian da abokansa na Cleveland Clinic suka duba masu ƙiba 13,657 da ke da toshewar numfashi matsakaiciya ko mai tsanani, 970 daga cikinsu an yi musu tiyata. Waɗanda aka yi wa sun samu ragin kashi 42 na manyan matsalolin zuciya da jijiyoyin jini, da ragin kashi 37 na mutuwa. Ba da ƙuri'a aka raba waɗannan mutane ba, don haka mai yiwuwa wasu 'yan tiyatar sun fi lafiya ko kulawa tun farko. Duk da haka, sakamakon na nuni zuwa ga abin da gwajin na'ura ya kasa nunawa.

Ko wanda bai warke ba ya ci riba. Saukowa daga 55 zuwa 16 na nufin oksijin ba ya faɗuwa ƙasa sosai, matsin iskar da na'ura ke buƙata ya ragu, takunkumi ya fi sauƙin jurewa, kuma wasu hanyoyi marasa nauyi, kamar kwanciya a gefe ko sa robar baki mai turo muƙamuƙi gaba, suna iya wadatarwa. A daren da wuta ta ɗauke, bambanci tsakanin 55 da 16 ba ƙarami ba ne.

Farashin da ba a rubutawa a rasit

Tiyatar ta yi sauƙi fiye da da. Wani bincike a manyan cibiyoyin Amurka da ya fito a 2009 ya sami mutuwar kashi 0.3 cikin 100 a kwana 30 na farko. Amma binciken ya gano cewa toshewar numfashi na cikin abubuwan da ke ƙara yiwuwar samun matsala bayan aiki. Allurar barci da magungunan kashe zafi masu ƙarfi na ƙara sakin tsokar maƙogwaro. Saboda haka cutar da ake son magancewa ita ce ke sa aikin ya fi haɗari, kuma asibitin kirki zai auna barcin majinyaci, ya sa shi kan na'ura kafin aiki, ya ce ya zo da ita asibiti. Asibitin da bai tambayi minshari ba kafin ya karɓi kuɗi ya riga ya bayyana matsayinsa.

Bayan aiki akwai yoyon ɗinki da zubar jini a kwanakin farko, akwai tsakuwar matsarmama saboda saurin ramewa, akwai ƙwannafi mai tsanani da ke biyo tiyatar hannun riga. Akwai kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe, da bitamin B12, da kalsiyam, wanda ke wajabta shan ƙari da gwajin jini har ƙarshen rayuwa. Amai mai naci a makonnin farko na iya ƙarar da bitamin B1 ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abu ne na gaggawa. Wanda aka yi wa baifas ya kamata ya guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saya a kemis kamar alawa, domin suna haddasa gyambo a wurin ɗinki. Mace ana ba ta shawarar ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, alhali ramewar kanta na ƙara saurin samun cikin. Tumbin da ba ya ɗaukar fiye da ƙaramin kofi ba zai iya tara ruwan yini guda a sahur ba, don haka maganar azumin farko bayan aiki, musamman a zafin bazara, magana ce da za a yi da likita tun kafin a sa ranar tiyata.

Allura ta shigo fage

Tambayar ta ƙara faɗi a 2024. A gwaji biyu da Atul Malhotra ya jagoranta kan mutum 469, allurar mako-mako mai suna tirzepatide ta rage ƙidayar shaƙa da kusan 25 zuwa 29 a awa cikin mako 52, yayin da waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta suka samu ragin kusan 5. Nauyi ya ragu da kusan kashi 18 zuwa 20. A Disamban 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a matsayin magani na farko na wannan cuta ga masu ƙiba.

Wannan ci gaba ne, kuma ga wanda ƙibarsa ba ta yi tsanani ba, yana da kyau a tattauna allura kafin wuƙa. Sai dai tana da tsada, tana buƙatar sanyi, kuma idan aka daina ta nauyi na dawowa. Mafi muhimmanci, ita ma ta bar wani kaso mai yawa na majinyata da sauran cuta. Allura da wuƙa hanya ɗaya suke bi zuwa maƙogwaro, wato ta rage kitse, kuma iyaka ɗaya ce ke tare su.

Ga wanda ke shirin hawa jirgi

Mafi yawan masu zuwa ƙetare suna sayen kwana biyar ne: ɗauka daga filin jirgi, aiki, otal, komawa gida. Abin da hujjojin nan ke buƙata ya fi haka tsawo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin aiki, a auna barci a san lambar farawa, domin wanda bai san inda ya tashi ba ba zai san nisan da ya yi ba. Ɗakunan gwajin barci ba su da yawa a Najeriya da Nijar, amma akwai ƙananan na'urorin da ake ɗaurawa a kwana da su a gida, kuma asibitin da zai yi tiyatar ya kamata ya iya shirya gwajin. A sami likita a gida da ya yarda zai bi lamarin, a karɓo cikakken rahoton aikin a rubuce. Bayan aiki a ci gaba da sa na'ura, ana daidaita matsinta da girman takunkumi yayin da fuska ke ramewa. Idan nauyi ya tsaya, yawanci bayan shekara guda ko ɗaya da rabi, a sake gwaji. Sakamakon gwajin ne zai yanke hukuncin ajiye na'ura. Idan daga baya nauyi ya fara dawowa, ko gyangyaɗi, ko hawan jini ya fara gardama, a sake aunawa.

Kuɗin gwaji biyu ɗan kaɗan ne a kan kuɗin tiyata da jirgi da masauki. Wanda ya iya biyan miliyoyi a yanke masa tumbi bai da hujjar yin rowar daren da zai gaya masa ko aikin ya kai inda aka nufa. Haka nan likitan da ya sallami majinyaci da hoton kafin da bayan aiki, ba tare da ya rubuta masa ranar komawa gwajin barci ba, ya bar rabin aikinsa a ƙasa.

Hausawa na cewa barci ƙanin mutuwa ne, domin mai barci ba ya iya ba da shaida kan abin da ya same shi. Mai toshewar numfashi ya yi shekaru bai san ana shaƙe shi ba, kuma bayan tiyata ba zai san ko an daina ba. Sikeli zai faɗi kilon da suka tafi, tela zai faɗi incin da aka rage a wuyan riga. Adadin lokutan da iska ta tsaya tsakanin sallar isha da ta asuba kuwa, na'urar gwaji ce kaɗai ke ƙirga shi.